Kwayar matasan Meziko ta zo gari: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Duk lokacin da aka liƙa sanarwa cewa wata ƙungiyar mawaƙa matasa daga Meziko za ta yi waƙa a majami'a ko zauren taro, a Jamus ne ko Ingila ko Amurka, tambayoyi kusan iri ɗaya ke fitowa daga mutanenmu mazauna can, da kuma malaman kwaya na gida da suka ci karo da bidiyon a YouTube. Su aka tattaro a nan. Na sama na wanda bai taɓa ji ba ne, na can ƙasa kuma na mai son ya saukar da baƙin ko ya koyar da waƙoƙin.

Wace irin ƙungiya ce, kuma su wa ke cikinta?

Kwaya ce kamar yadda aka san ta: yara da matasa a jere, malamin waƙa a gabansu yana ba da hannu. Galibi tana ƙarƙashin babbar majami'ar wani gari ne, ko makarantar koyon kiɗa, ko jami'a, ko gwamnatin jiha. Idan manyan matasa ne za ka ji muryoyi huɗu, wato sufrano da alto da tena da bes. Idan yara ne zalla, muryoyin sama kaɗai ake rabawa gida biyu ko uku.

Wadda ta fi suna a cikin tsofaffin ita ce Niños Cantores de Morelia, a jihar Michoacán. Miguel Bernal Jiménez ne ya kafa ta, mutumin da ya yi karatun waƙar ibada a Roma, kuma a 1949 ya ɗauko Romano Picutti daga shahararriyar kwayar yara maza ta Vienna ya zo ya horar da su. Mazauninsu makarantar Las Rosas ce, wadda asalinta ya koma har 1743.

Ashe ba mariyaci ba ne? Ni na ɗauka manyan malafuna da ƙaho za mu gani.

A'a. Mariyaci ƙungiyar makaɗa ce mai goge da ƙaho da jita iri-iri, asalinta yammacin ƙasar, musamman jihar Jalisco, kuma UNESCO ta sa ta cikin al'adun duniya da ake tattali a 2011. Kwaya na iya rera waƙa ɗaya ko biyu daga cikin nasu, amma ɗaukar mariyaci a matsayin kiɗan Meziko gaba ɗaya kamar a ce kalangu shi kaɗai ne kiɗan Hausa. Duba amsar da ke kan waƙoƙin gargajiya a ƙasa.

Me ake nufi da waƙoƙin ibada na Meziko? Ba na Turawa suka kwafa ba?

Daga Turai aka fara kawo su, wannan ba gardama. Sifaniyawa sun ci birnin Tenochtitlan, inda birnin Meziko yake yau, da yaƙi a 1521, bayan shekara biyu wani ɗan ɗarikar Faransiskan mai suna Pedro de Gante ya iso, ya koyi harshen Nahuatl na mutanen wurin, ya buɗe makaranta a Texcoco. Ya lura cewa mutanen ƙasar da waƙa da rawa suke bauta tun fil azal, sai ya sa koyarwar addinin cikin waƙa. Kafin ƙarni ya ƙare 'yan ƙasa na karanta rubutun waƙa, suna kwafar littattafai, suna ƙera kayan kiɗa da hannunsu. Littafi na farko mai ɗauke da rubutun waƙa da aka buga a duk nahiyar Amurka, a birnin Meziko aka buga shi, a 1556.

Manyan majami'u uku ne suka zama cibiya: ta birnin Meziko, ta Puebla, da ta Oaxaca. Kowace tana da shugaban waƙa da ake biya albashi, kuma sharaɗin aikinsa ne ya riƙa tsara sababbin waƙoƙi kowace shekara. Sunayen da za ka fi gani a takardar shirin su ne Hernando Franco, wanda ya riƙe kujerar birnin Meziko daga 1575. Gaspar Fernandes da Juan Gutiérrez de Padilla a Puebla, na biyun ya karɓi kujerar a 1629 ya riƙe ta har rasuwarsa a 1664. Da Ignacio de Jerusalem, ɗan Italiya, wanda ya tsara waƙoƙin sujadar asuba na Maryamu ta Guadalupe, sunan da Katolikan Meziko ke girmama uwar Yesu da shi, a 1764. A cikinsu Manuel de Sumaya ne 'yan Meziko suka fi alfahari da shi, domin haifaffen ƙasar ne, ya zama shugaban waƙa a babban birni a 1715, daga baya ya koma Oaxaca.

To, waƙoƙinsu na Latin, idan ka rufe ido, da wuya ka bambanta su da na Sevilla ko Roma na zamanin. Inda ƙasar ta nuna kanta sosai shi ne a villancico, wanda shi ne tambaya ta gaba.

Mene ne villancico, da na ga an cika shirin da shi?

Ana furta shi biyansiko. Waƙa ce ta addini amma da harshen kasuwa, mai amshi da baitoci, wadda ake sakawa a tsakanin karatun sujadar dare ta manyan bukukuwa, musamman Kirsimeti. A dare guda akan yi takwas ko tara. Da yake jama'a ba sa jin Latin, wannan ne rabonsu a sujadar, shi ya sa mawaƙan suka zuba masa duk abin da ake ji a titi: makiyaya na gardama, 'yan kasuwa, masu rawa, har da barkwanci. Shahararriyar marubuciyar nan mai zaman zuhudu, Sor Juana Inés de la Cruz, wadda ta rasu a 1695, ta rubuta kalmomin villancico da dama domin manyan majami'un.

Wanda kusan kowace kwaya ke ɗauke da shi shi ne Convidando está la noche na Juan García de Zéspedes na Puebla. Yana farawa a hankali, kamar ana lallashin dare, sai kwatsam kiɗan ya juye ya zama na rawa. Na taɓa zama kusa da wata tsohuwa Baturiya da ta haɗa hannuwa ta sunkuyar da kai a farkon, kafin baiti na biyu ƙafarta na buga ƙasa ba ta sani ba.

Da wane harshe suke waƙar?

Latin a waƙoƙin Misa da Zabura, Sifaniyanci a mafi yawan sauran, sai kuma harsunan 'yan asalin ƙasar, waɗanda hukuma ta lissafa rukuni 68. Nahuatl ya fi yawan masu magana, sama da mutum miliyan ɗaya da rabi a ƙidayar 2020. A tsohon kundin Gaspar Fernandes da ke ajiye a babbar majami'ar Oaxaca akwai wata 'yar gajeriyar waƙar reno da Nahuatl, Xicochi, ana furta ta shikoci, ma'ana yi barci, ana faɗa wa jariri Yesu. Ba ta kai minti uku ba, amma ita ce mutane suka fi fita da ita a baki.

Kwayar da ta fito daga Michoacán kan ƙara da pirekua, waƙar al'ummar Purépecha, wadda UNESCO ta karɓa a 2010. Ta Oaxaca kuma takan zo da waƙoƙin Zapotec.

An ce akwai hannun Afirka a ciki. Gaskiya ne ko daɗin baki?

Gaskiya ne, amma ba labari ne mai daɗi duka ba. An kai bayi daga Afirka zuwa Meziko tun ƙarni na 16, da farko daga yankin Senegal da Gini, daga baya mafi yawa daga Kongo da Angola, ana sauke su a tashar Veracruz. A can ne Gaspar Yanga ya tsere da mutanensa zuwa duwatsu wajen 1570, ya tare sojan Sifaniya a 1609, har aka amince da garinsu, wanda yau yake ɗauke da sunansa. A ƙidayar 2020 kimanin mutum miliyan biyu da rabi suka ce su jikokin 'yan Afirka ne. Kiɗan Veracruz, da kira da amshinsa da bugun ƙafa a kan dandamalin katako, yana da wannan jinin a jika.

Abin da ya kamata a yi hattara da shi shi ne wani nau'in villancico da ake kira negrilla ko guineo. A nan mawaƙin majami'a ne ke kwaikwayon gurɓataccen Sifaniyancin bayi domin a yi dariya a daren Kirsimeti. Kiɗan akwai daɗi, ba ƙarya, amma muryar ba tasu ba ce, aro aka yi ba da izini ba. Wasu ƙungiyoyi sun daina rera su, wasu na rerawa bayan sun yi bayani. A ganina wanda ya rera bai ce komai ba ya rage wa masu sauraro rabin labarin. Idan ka ga irin wannan a shirin, ba laifi ka tambayi malamin waƙar bayan an tashi. Yawancinsu suna son tambayar.

Waɗanne waƙoƙin gargajiya ake sa ran ji?

Kowane yanki da nasa. Veracruz na da son jarocho, wanda La Bamba ta fito daga cikinsa tun kafin Amurkawa su san da ita. Oaxaca na da La Llorona da La Sandunga, masu sanyi da nauyi. Arewa maso gabas na da huapango, inda mawaƙi ke karya murya ya haura sama kamar zai yi guɗa. Cielito Lindo ita ce ta rufe taro, domin duk ɗan Meziko ya haddace amshinta, har a filin ƙwallo ita suke yi.

Ka lura da zauren idan aka soma Canción Mixteca, wadda José López Alavez ya tsara a farkon ƙarni na 20. Waƙar kewar gida ce, ta mutumin da ya yi nisa da ƙasar haihuwarsa. A Meziko waƙa ce kawai mai daɗi. A Chicago ko Madrid kuwa za ka ga manya da gemu suna laluben hankici. Duk wanda ya yi sallah ko Kirsimeti a ƙasar sanyi shi kaɗai ba ya buƙatar tafinta a nan.

Me ya sa idan na yi tafi sai in ga na kauce wa kiɗan?

Ba kunnenka ba ne. Da yawan waƙoƙin, na ibada da na gargajiya, suna tafiya a kan bugu shida da ake rabawa iri biyu: wani lokaci uku-uku, wani lokaci biyu-biyu-biyu, a jere ko a tare. Suna kiran wannan sesquiáltera. Gwada da kanka: hannun hagu ya bugi cinya sau biyu a daidai lokacin da na dama ya buga sau uku. Wanda ya tashi yana jin ganga da kalangu yakan kama shi nan da nan idan ya daina ƙirge ya bar jikinsa ya bi. Salon yana cikin tsohon kiɗan Sifaniya, yana kuma cikin na Afirka ta Yamma, a Meziko suka haɗu suka ƙarfafi juna.

Na ga rabin mawaƙan sun fita waje an rufe musu ƙofa. Lafiya?

Lafiya lau, posada ce. Daga 16 zuwa 24 ga Disamba, dare tara, unguwanni a Meziko na kwaikwayon yadda Yusufu da Maryamu suka yi ta neman masauki a Baitalami. Jama'a na rabuwa biyu: matafiya a waje riƙe da kyandir, masu gida a ciki. Na waje su rera baiti suna roƙon a buɗe, na ciki su mayar da baiti cewa nan ba masauki ba ne, ku yi gaba, kada ku hana mu barci. Haka za a yi ta yi, muryar waje na ƙara marairaicewa, har masu gida su gane ko su waye, a wangale ƙofa, kowa ya haɗu a amshi ɗaya. A can Meziko daga nan sai a fasa piñata, wata tukunya da aka yi wa ado aka cika da alewa da 'ya'yan itace, yara na dukanta da sanda ido a ɗaure.

A majami'ar dutse abin yana da kyau ƙwarai, domin muryar na waje tana zuwa ne a dushe ta bayan ƙofar katako, kamar daga nesa, sai an buɗe ta cika wurin.

Akwai wani rabuwar kuma da ba wannan ba. Padilla ya tsara waƙoƙi da yawa domin kwaya biyu masu fuskantar juna, murya takwas, ɗaya na jefa wa ɗaya jimla, kamar yadda kujerun mawaƙa suke a babbar majami'ar Puebla da aka keɓe a 1649. Idan ka ga sun rabu dama da hagu, nemi kujerar tsakiya.

Sujada ce ko wasa? Wanda ba Kirista ba zai iya zuwa?

Karanta sanarwar da kyau. Wani lokaci kwayar na rera waƙa ne a cikin Misa ta ranar Lahadi, wannan ibada ce sosai. Mafi yawan lokaci kuwa taron sauraro ne da aka yi a ginin majami'a saboda amonsa, ba wa'azi, ba a tambayar addinin kowa a ƙofa. Kalmomin kashi na farko na shirin dai, wato waƙoƙin ibada, na addinin Kirista ne, na Katolika, da yabon Maryamu a ciki, don haka kowa ya san abin da zai ji ya yanke wa kansa.

Fadar Batikan ta fitar da ƙa'ida a 1987 cewa taron kiɗa a majami'un Katolika ya tsaya kan waƙoƙin addini, kuma shiga kyauta ne. Shi ya sa sau da yawa ba tikiti sai kwandon gudummawa a bakin ƙofa, kuma akan koma zauren ikilisiya ko farfajiya domin kashi na biyu, na waƙoƙin gargajiya. Sai dai iyakar da ke tsakanin waƙar ibada da ta gargajiya a Meziko ba ta da kauri. Las Mañanitas, wadda ake tashin mai bikin ranar haihuwa da ita, ita ce dai dubban mahajjata ke rera wa Maryamu ta Guadalupe da tsakar daren 11 ga Disamba wayewar 12.

Yaushe ake tafi? Ana liƙi? Zan iya ɗaukar bidiyo?

Idan Misa ce aka jera sassanta biyar, ba a tafi sai an kai ƙarshe. Jira malamin waƙa ya sauke hannu ya juyo. A kashin gargajiya kuwa sake jiki, kuma kada ka firgita idan wani ya ƙwala ihu mai tsawo a tsakiyar waƙa, grito ke nan, guɗarsu ce. Liƙi dai a bar shi a gida, sa a kwando. Bidiyo kuma sai da izini, tunda akwai ƙananan yara.

Ta yaya yara ke samun damar zuwa wata nahiya, wa ke biya?

Galibi gayyata ce ko gasa. Akwai tsohon bikin Llangollen na yankin Wales da ake yi tun 1947, da gasar Tolosa a Sifaniya, da tarukan Pueri Cantores na kwayoyin yaran Katolika, da gasar kwayoyi ta duniya da aka fara a 2000, wadda ta zo Afirka karon farko a 2018, a Tshwane ta Afirka ta Kudu. Idan an samu gayyata ɗaya sai a ɗinka mata wasu tarukan a garuruwan da ke kusa domin kuɗin jirgi ya yi amfani.

Kuɗin kuwa yawanci gumin iyaye ne: sayar da abinci bayan sujada, caca ta sadaka, roƙon 'yan kasuwa, da ɗan abin da hukuma ta ba da idan an yi dace. Duk wanda ya taɓa tara kuɗin yunifom na kwaya ya san zancen. Ta fuskar takardu, 'yan Meziko na shiga ƙasashen Schengen na Turai ba biza har kwana 90, Amurka kuwa sai da biza. Yaron da bai kai 18 ba da zai fita ba tare da iyayensa ba sai da takardar izininsu, wadda hukumar shige da fice ta ƙasar ke kira SAM.

An roƙe mu mu saukar da biyu daga cikinsu a gidanmu. Me ya kamata mu sani?

Abu na farko barci. Tsakanin birnin Meziko da tsakiyar Turai awa bakwai ne a hunturu, takwas a bazara, don haka kwana biyun farko kada ku ja su yawo. Na biyu murya: ita ce jarinsu, kuma busasshiyar iskar jirgi da ta na'urar ɗumama ɗaki na cin ta. Ku ajiye musu ruwa mai ɗumi, ku rage hira da dare kafin ranar waƙa. Lokacin da malaminsu ya ce a kawo su, shi ne lokacin, domin sai sun gwada amon ginin kafin mutane su shigo.

Abinci ba zai ba ku wahala ba. Mutanen masara da wake da barkono ne, yaji ba ya ba su tsoro. Ku ba su zoɓo ku ga fuskarsu: shi ne abin da suke kira agua de jamaica, kuma Meziko na daga cikin manyan masu sayen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano. Ruwan tsamiya ma nasu ne. Ku dai tambaya tun farko ko akwai abin da jikin yaro ba ya so.

Abin da muke ji a waje, haka yake a can gida?

Na ibadar kusan haka yake, sai dai a da ana raka shi da babbar garayar da suke kira arpa, da ogan, da kayan busa, abin da kwaya mai tafiya ba ta iya ɗauka. Ganguna da kacau-kacau da ake ƙara wa villancico a yau kuwa, ba a rubuce suke a tsofaffin takardun ba, zaɓin masu rerawa ne. Wasu na yi da hankali, wasu na cika gishiri domin su burge Turawa.

Na gargajiyar ne ya fi canzawa. Son jarocho a ƙauyen Veracruz ba shi da ƙayyadadden tsawo: ana kewaye dandamali har asuba, mawaƙa na ƙirƙirar baiti nan take, wani na kaɗa muƙamuƙin jaki busasshe haƙoransa na kacau-kacau. Abin da kwaya ke kawowa shiryayye ne, minti uku, murya huɗu, kowa ya san inda zai tsaya. Yana da nasa kyan, amma hoto ne na abin. Duba kuma amsar da ke kan hannun Afirka.

Kwayarmu na so ta koyi ɗaya ko biyu. Daga ina za mu fara?

Ku fara da Xicochi: gajeriya ce, murya huɗu, kalmominta kaɗan. Daga nan Convidando está la noche, bayan kun yi mako guda kuna atisayen hannu biyu da aka bayyana a amsar sesquiáltera. Ku bar masu murya takwas na Padilla tukuna, suna son mutane da yawa masu karanta rubutun waƙa kai tsaye. Tsofaffin waƙoƙin ba mallakar kowa ba ne yanzu, ana samun wasu kyauta a CPDL, shafin intanet mai tara rubutattun waƙoƙin kwaya, sai wani ya juya muku su zuwa solfa. Amma shirin murya huɗu na waƙar gargajiya yawanci aikin wani ne mai rai, a nemi izininsa kafin a kwafa.

Wajen furuci Bahaushe ya fi Bature sa'a. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, daidai da namu, kuma r mai karkarwa muna da ita. Harafin j kamar ha mai kauri ake yin sa, irin kha ta Larabci. Ll kamar y. Ñ kamar ny. H ba a furta ta sam. C kafin e ko i, da z, duk s ne a bakin 'yan Meziko. A Nahuatl x sh ce, tl kuma sauti ɗaya ne, harshe a dasashi iska ta fita ta gefe, kada a sa wasali a tsakani. Inda za ku sha fama shi ne p da f, domin su a wurinsu haruffa biyu ne dabam: a sa kowa ya riƙe takarda a gaban baki ya maimaita padre da pastores har leɓɓa su saba rufewa gaba ɗaya.